Zoben da Bai Shiga Kwando Ba

Ni Letsholo Rantao, ɗan Kanye, mazaunin Mogoditshane, na rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, babu wanda ya sa ni, babu wanda ya tsaya a kaina. Likita ta ce hantata ta gaji. Kaina kuwa lafiyarsa lau. Jiya na kwance agogon bangon falo na mayar da shi, bai rage mini ko sukuru ɗaya ba. Duk wanda ya ce ruɗewar tsufa ce ta sa na rubuta abin da ke cikin takardar nan, ya je ya dubi agogon.

Zuwa ga 'ya'yana uku: Odirile, babbanku, Gorata, wadda ke Windhoek, da Phenyo, auta. Phenyo, takardar tana hannunka. Ka buɗe ta bayan an dawo daga binne ni, baƙi sun watse, ku uku kaɗai. Ka karanta a tsanake, ba irin karatun da kake wa ɗalibanka idan an kusa tashi ba.

Na ɗaya. Ku kai ni Kanye, ku kwantar da ni kusa da mahaifiyarku Sethunya, ta hagunta, don ta nan nake kwana shekara talatin da ɗaya da muka yi tare. A yanka sa ɗaya, ya isa. Maza su dafa naman su daka shi yadda aka saba, amma kada a bar kawunku Mothusi kusa da gishiri, kun san abin da ya yi mana a bikin Phenyo. Idan masu haƙa suka bar ƙasan kabarin a ɗan karkace, Odirile, kada ka je mota ɗauko ma'auni. Shekara arba'in ina daidaita abubuwa, wannan karon na yafe.

Na biyu. Gidan Mogoditshane na Phenyo ne da iyalinsa, su suka zauna da ni suka sha ƙorafina. Ɗakin baya a bar shi a buɗe ga duk wanda ya zo daga cikinku. Gonar Kanye ta ku uku ce, ba a sayarwa. Shanun da ke garke ku raba su daidai, kawunku ya tsaya a kan rabon. Jar saniyar nan mai ɗingishi kada ta shiga rabo, kada kuma a kai ta mayanka. Mahaifiyarku ce ta raine ta da kwalba, a bar ta ta mutu da tsufanta. Phenyo, sandar labulen falo har yanzu a karkace take. Mahaifiyarku ta yi shekara goma tana ce mini, "Baban Odirile, kai da kake raba daimon biyu da haske, labule ɗaya ya gagare ka?" Ka bar ta yadda take, na saba da ita.

Na uku. Kayan aiki. Phenyo, kai ba ka bi sana'ar ba, don haka bari in yi bayani yadda 'ya'yanka za su gane abin da kakansu ya yi da rayuwarsa.

Ni ba na yanka daimon. Ina kafa injin leza da ake yankawa da shi. Ana ɗora injin a kan teburin dutse, sai a yi kwana guda ana gwada teburin har ya kwanta sosai. Haske yana fita daga bakin injin siriri kamar zare, ya daki madubi na farko, ya juya zuwa na biyu, zuwa na uku, ya shiga gilashin da ke tattara shi, ya sauka a kan daimon. Kowane madubi yana da sukuru biyu a bayansa. Ka juya ɗaya kaɗan, can ƙarshe hasken ya kauce, dutsen da wani ya yi wata yana nazarinsa ya tsage a inda ba a so. Kuma hasken nan ido ba ya ganinsa. Shi ya sa muke sa baƙin kati a gaban madubi, a harba sau ɗaya, a ɗauko katin a dubi inda ya ƙone. Idan ƙunar tana tsakiya, an wuce zuwa madubi na gaba.

Na koyi aikin a Germiston, can ƙetaren iyaka, wurin wani Bajamushe mai suna Reinhold, mutum mai faɗa amma mai hannu. Ranar farko na ga yanka ya kauce, sai na kai hannu ga madubi na ƙarshe, don shi ne kusa. Ya buge mini hannu ya ce, "Kai, ɗan Kanye, ɓarnar a nan ka gan ta, amma ba a nan ta fara ba. Koma na farko." Wanda ya gyara na ƙarshe ya bar na farko a goce zai ga kamar ya yi daidai yau, gobe injin ya ɗumama, komai ya watse.

Ma'aunin da Reinhold ya ba ni, mai ƙwayar ruwa a tsakiya, da jerin ƙananan makullan juya sukuru na cikin shuɗin akwati, na Gorata ne. Hannunta ya fi nawa, na sani tun tana shekara goma sha tara, ban dai faɗa ba don kada kanta ya kumbura. Littattafaina goma sha huɗu, inda na rubuta halin kowane inji da na taɓa kafawa, na Odirile ne, shi kaɗai ke iya karanta rubutuna. A-kori-kurar da muke zuwa aiki da ita ma tasa ce. Ku riƙe abin da na koya muku: a bar inji ya yi awa guda a kunne kafin a taɓa sukuru, kada a ɗaure noti ɗaya tam alhali 'yan'uwansa na sake, kada a hura wa madubi iska da baki. Odirile, wanda ya ci fanke ya wanke hannu sau biyu kafin ya kusanci gilashi. Ka san dalilin da ya sa na ambaci sunanka.

Na huɗu. Ɗan kwandon kaba da ke bakin ƙofar shago. Mahaifiyarku ta saye shi wurin matan arewacin ƙasarmu shekarar da na dawo gida na buɗe shagon. Duk masana'antar da muka je aiki, shi ke fara shiga. Doka ɗaya ce: duk abin da ke ƙyalli a jikin mutum, zobe, agogo, sarƙa, alƙalamin ƙarfe, a zuba a kwando kafin a tsallake jan layin da muke shatawa a ƙasa. Hasken da ba a gani idan ya daki abu mai ƙyalli, ba ya tambayar kowa inda zai nufa.

Kun tuna manajan nan mai agogon zinare da ya ce shi ba zai cire ba? Gorata ta miƙa masa kwandon ta ce, "Ranka ya daɗe, ko agogon ya shiga nan, ko ku tsaya waje tare ku riƙa gaya mana lokaci." Ya cire. Muka yi ta dariya a mota har Mogoditshane. An san ni da kwandon nan a duk masana'antun Gaborone, har ana ce mini tsoho mai kwando. Ina jin daɗin sunan, fiye da yadda ya kamata.

Sai kiran da muke yi kafin a harba. Mai riƙe da madanni ya ce, "Ido?" Kowa ya gyara tabarau na kare ido ya amsa da bakinsa, "A rufe." Babu mai amsawa a madadin wani. Kwandon da kiran, kada ku bar su ko da injinan zamani sun zo da murfi goma.

Na biyar. A ƙarƙashin gadona akwai gwangwanin biskit guda uku cike da katuna. Kowane inji da na daidaita na ajiye katinsa na ƙarshe, da kwanan wata a baya. Jikokina za su ce tsoho ya tara shara, takardu baƙaƙe masu ɗigon ƙuna. Ku ƙone su idan kuna so. Amma a gwangwani na uku, a can ƙasa, akwai ambulan ruwan ƙasa. Phenyo, ka ɗauko shi yanzu ka ajiye a tsakiyarku kafin ka ci gaba da karatu.

Na shida. Wannan shi ne dalilin rubuta takardar. Sauran duk da baki ma zan iya faɗa.

Odirile, Gorata, shekara goma sha ɗaya ke nan ba ku gaisa ba. A bikin Phenyo ɗaya ya zauna a wannan rumfa, ɗaya a waccan. 'Ya'yanku sun san juna a hoto kawai. Ku da nake raba ku da ƙyar a mota, kuna tsokanar juna tun daga gida har wurin aiki. Gorata ta ce, "Yaya, wannan hannun naka na sassabe ne, matsa in ɗaura." Odirile ya ce, "Ji 'yar ƙarama, ni fa na koya miki riƙe cokali." Wannan hayaniyar ita na fi kewa a duniya bayan muryar mahaifiyarku.

Ranar Talata ce, cikin zafin Oktoba, wata huɗu bayan rasuwarta. Muna kafa sabon inji a wata masana'anta. Da safe na ce Gorata ta ɗaura madubi na farko ita kaɗai, karon farko ke nan da na sake mata. Ta ɗaura, ta harba kati, ta kawo mini. Na duba na sa a aljihu. Bayan cin abincin rana muka koma kan madubi na biyu. Gorata na kan madanni, ni ina sunkuye a kan teburi, Odirile yana bayan jan layi, jikin bango, yana rubuta lambobi. Ta ce, "Ido?" Muka amsa. Gumi ya dushe wa Odirile tabarau, ya ɗan ɗaga shi, don inda yake tsaye haske ba shi da hanyar zuwa. Ta danna. Ya dafe fuska ya ce, "Baba, wani abu ya yi ƙas a cikin kaina." Tun ranar, duk abin da ya kalla da idon dama akwai baƙin tabo a tsakiyarsa.

Kowa ya ce madubin farko ne ya goce, haske ya tsallake teburi. Sabon hannu ne ya ɗaura shi, magana ta zauna. A asibiti Odirile ya ce, "Ke kika ɗaura na farko ko?" Ta ce, "Ni ce, Yaya, amma na gwada, katin yana wurin Baba." Ya ce, "Katin ne zai dawo mini da ido?" Ta juyo gare ni tana kuka ta ce, "Baba, kai ka ga katin. Faɗa masa." Na ce, "Ba yanzu ba, Gorata."

Ku buɗe ambulan. Kati biyu ne a ciki. Na farko na Gorata ne, na safiyar Talata. Ku dubi ƙunar, tana tsakiya cif, ni kaina ban cika samun irinta a harbin farko ba. Na biyu nawa ne. Washegari na koma ni kaɗai kafin kowa ya taɓa injin, na harba a wuri ɗaya. Ku ɗora su a kan juna ku ɗaga sama, ƙuna ɗaya za ku gani. Madubin bai motsa ba ko kaɗan.

Abin da ya faru shi ne wannan. Da safiyar ranar na cire zobena na sa a kwando, kun gani da idonku, kamar kullum. Amma tun ranar da aka binne mahaifiyarku na zura nata zoben a igiya na rataya a wuya, a cikin riga. Ban ɗauke shi a matsayin ƙarfe ba. A wurina ita ce, kuma ban iya ajiye ta a bakin ƙofa ba. Da zafi ya yi yawa na ɓalle maɓallin riga na sama. Da na sunkuya kan madubi na biyu, zoben ya zamo ya yi lilo a gabana daidai lokacin da Gorata ta danna. Kun san fuskarsa shafaffiya ce kamar madubi, sai ta karkatar da hasken zuwa bango. Na ji ɗan ƙaransa, na cusa shi cikin riga kafin ma in juya in dubi ɗana. Wannan cusawar ita ta fi damuna. Hannuna ya riga ya yanke shawarar ɓoyewa tun kafin in san girman abin da na yi.

Da masu masana'antar suka nemi bayani a rubuce, na rubuta cewa madubi na farko ya goce, na sa hannu. Na gaya wa kaina wai ba zan iya cewa zoben uwa ne ya taɓa idon ɗanta ba. Akwai gaskiya a ciki, amma kaɗan ce. Babban dalilin shi ne tsoro da girman kai. Tsoho mai kwando, wanda ya sa manaja cire agogo, a ce shi ya shiga da zinare a wuya? Na ce bari ƙura ta lafa, wata ɗaya, sai in faɗa. Wata ya zama shekara. Gorata ta haɗa kayanta ta tafi Windhoek, na raka ta tasha, a can ma na ɓoye mata gaskiyar. Ta ce, "Baba, ba komai, wataƙila ni ce ban ɗaure da kyau ba." Na bar 'yata ta tafi tana zargin hannunta.

Gorata, 'yata, hannunki bai yi kuskure ba. An gaya mini har yau kina gwada kowane madubi sau uku, abokan aikinki suna miki dariya. Ki daina, sau ɗaya ya ishe ki. Na ɗauki alhakinki, na san na ɗauka, kuma duk Kirsimetin da kika kira ni kina tambayar lafiyata sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Odirile, ɗana, idonka ni na taɓa shi. Ka yi shekara goma sha ɗaya kana zaune da ni a shago ɗaya, kana kai ni asibiti, kana yanka mini nama ƙanana tun da haƙora suka tafi, alhali fushin da kake yi da ƙanwarka da ni ya kamata ka yi shi. Ka sha cewa da ba ka ɗaga tabarau ba da ba haka ba. Gaskiya ne, kada ka sake ɗagawa. Amma inda ka tsaya daidai ne, ni na aika maka hasken har can.

Duk shekarun nan ina ta aika kawunku ya sasanta ku, ina sa fasto ya yi muku wa'azi, ina ƙirƙiro dalilan da za su haɗa ku a ɗaki ɗaya. Madubi na ƙarshe nake ta juyawa, ni da aka buge wa hannu a kan haka tun ina saurayi. Ɓarnar a tsakaninku aka gan ta, a wurina ta fara.

Na bakwai. Shagon na ku biyu ne, rabi da rabi. Ban ɗaura muku sharaɗi ba, ba ni da bakin yin haka. Idan Gorata ta ga zamanta a Windhoek ya fi mata, ta zauna, rabonta yana nan. Amma ga abin da na sani. Odirile ya san halin kowane inji a garin nan, da jin ƙararsa zai gaya maka abin da ke damunsa, sai dai tun da hannuna ya fara rawa muke ɗauko baƙo ya yi mana daidaitawar ƙarshe, kuma kullum sai ya bar mana aiki. Gorata tana da hannun, ba ta da wanda zai tsaya mata a baya ya ce kaɗan dama, kaɗan hagu, ya isa. Ku yi tunani.

Phenyo, kai kuma ka yafe mini da na mai da kai ɗan aike tsakanin yayyenka. Ka gaji da "gaya mata" da "gaya masa", na gani a fuskarka. Daga yau an sauke maka.

Na takwas. Zoben yana wuyana har yanzu. Idan kun juya fuskarsa wajen taga za ku ga ɗan tabo dusasshe a gefe, kamar kan allura. Kada ku binne ni da shi. Ku cire shi ku sa a kwando tare da nawa, su zauna a bakin ƙofar shago. Duk sabon ma'aikacin da kuka ɗauka, ku nuna masa tabon ku gaya masa na wane ne, da sunana. Ya san ba baƙo kaɗai ake miƙa wa kwando ba, har mai kwandon.

Na ajiye alƙalami a nan kwana biyu, na sake karanta abin da na rubuta tun daga sama. Da na zo kan layin da na ce a buɗe bayan an binne ni, sai na gane abin da nake shirin yi. "Ba yanzu ba, Gorata" ce nake son sake faɗa, a karo na ƙarshe, in tafi inda babu mai iya tambayata. Ba zan goge layin ba, ku gan shi ku san halin ubanku, amma na soke shi.

Na sa Phenyo ya kira ku ranar Asabar ɗin nan. Gorata, shi ya sa aka ce ki hau mota ki zo da gaggawa, ba wai na kusa cikawa ba ne, likita ta ce akwai sauran 'yan watanni. Idan kuna jin wannan, to kuna zaune a ƙarƙashin bishiyar tsakar gida, ni kuma ina kan kujerata ta ƙarfe, kusa da ku, da bargo a gwiwa. Muryata ba za ta iya ɗaukar maganar ba, shi ya sa na ari ta auta.

Allah Ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku da 'ya'yan 'ya'yanku. Ya tsare muku idanunku da hannuwanku. Ya ba ku zuciyar da ta fi ta ubanku ƙarfi wajen faɗar gaskiya da wuri. Ku riƙe juna. Ku ci Kirsimeti a Kanye a tukunya ɗaya, yaran su yi faɗa su shirya, su san ɗakin kowa. Ko ba ku yafe mini ba, ku yafe wa juna, don babu abin da ɗayanku ya yi wa ɗaya. Ina ƙaunarku, ku uku, fiye da yadda bakina ya taɓa iya faɗa.

Phenyo, ka ninke takardar, aikinka ya ƙare. Odirile, ƙanwarka tana gefenka, ita za ka fara duba. Bayan haka ku ɗago ku dube ni. Duk abin da za ku faɗa, ina nan zaune, zan ji.

Mahaifinku,
Letsholo Rantao